Yaron Da Babbaƙu Suke Rikice Masa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya sanar da ɗan Adam da alƙalami, tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, kusan babu makarantar allo ko ta Islamiyya ko ta boko da za a rasa wani yaro irin wannan a cikinta: ga shi da wayo, in an aike shi kasuwa ba ya ɓatar da canji, in malam ya biya masa sura da ka sai ya riƙe, amma da an sa allo a gabansa sai ya kasa rabe ba da ta. Tsaransa su wuce babbaƙu su shiga farfaru, shi yana nan inda yake. Daga nan sai a sa masa suna daƙiƙi, wani ya ce ƙiwuya ce, wata ta ce an yi masa sammu, bulala kuwa ta zama abincinsa na safe da maraice. Darasin wannan mako a kan wannan yaro yake.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan lalura, suna kiranta disileksiya, watau wahalar karatu. Wani likitan ido na Jamus, Rudolf Berlin, shi ya yaɗa sunan cikin littafinsa na 1887. A 1896 kuma likita Pringle Morgan na Ingila ya ba da labarin wani yaro ɗan shekara 14 mai kaifin hankali, mai iya lissafi, wanda ya kasa karatu duk da shekarun da aka yi ana koya masa. Malamin yaron ya shaida cewa da a ce da baki kaɗai ake koyarwa, da babu wanda zai fi shi a makarantar. Ƙungiyar da take kula da masu wannan lalura a Biritaniya ta ƙiyasta cewa tana taɓa mutum 1 cikin 10. Bisa wannan ƙiyasi, malami mai almajirai 50 yana iya samun kamar 5 a gabansa.

Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa aibin ba a ido yake ba, kuma ba ƙarancin hankali ba ne. Asalin abin shi ne ƙwaƙwalwar yaron tana shan wuya wajen rarraba kalma zuwa ƙananan sautukanta, sa'an nan ta ɗaura kowane sauti a kan harafinsa. Sau da yawa gado ne, a iske uba ko kawu ya sha irin wannan wahala yana ƙarami. Ba ta warkewa da girma kaɗai, amma kyakkyawar koyarwa tana sauƙaƙa ta ƙwarai.

Mai lura zai ga inda rubutun Larabci yake ƙara wa yaron nauyi. Ba da ta da sa siffarsu ɗaya, ɗigo ne kaɗai ya raba su. Haka jim da ha da kha. Harafi guda yana sāke kama a farkon kalma da tsakiyarta da ƙarshenta. A rubutun da ake yi wa allo bisa ruwayar Warshu, ɗigon fa a ƙasa yake, ƙaf kuwa ɗigo ɗaya gare shi a sama, alhali a bugun Hafsu fa ce mai ɗigo ɗaya a sama. Yaron da yake allo da safe, Islamiyya da yamma, ga kuma b da d da ɓ da ɗ suna jiransa a boko, lalle ne ya rikice fiye da kowa.

To, mene ne haƙƙinsa? Na farko, a ajiye bulala. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, hadisin da yake nuna cewa mai karanta Alƙur'ani yana cijewa, karatun yana yi masa wuya, lada biyu gare shi. Wanda shari'a ta ninka wa lada saboda wahalarsa, bai kamata a dake shi saboda ita ba.

Na biyu, a gyara hanyar koyarwa. A Amurka, likita Samuel Orton da malama Anna Gillingham sun tsara wata hanya a shekarun 1930, ana amfani da ita har yau: yaro ya ga harafi, ya ji sautinsa, ya furta, ya zana shi da hannu, duk a lokaci guda. Makarantar allo tana da kayan wannan aiki tun tuni. Sai malam ya sa yaron ya zana harafin da yatsa a kan rairayi yana faɗarsa, a rubuta masa allo da manyan baƙaƙe, layi biyu ko uku, kada a haɗa masa haruffa masu kama da juna rana ɗaya, kuma kada a wuce harafi sai ya zauna. A bar shi a kan rubutu iri ɗaya har ya ƙware.

Na uku, a yi amfani da kunnensa. Alƙur'ani da baki aka karɓe shi, da baki ake isar da shi. Kada a tsayar da haddar yaro domin karatun allonsa bai nuna ba. A biya masa ya riƙa hadda, ana koya masa haruffa a gefe, kuma kada a tsayar da shi gaban tsaransa su yi masa dariya.

Iyaye kuma su fara kai shi asibiti a duba idonsa da kunnensa, domin a tabbata ba can cikas yake ba. Sa'an nan su zauna da malaminsa su yi shawara, su ba yaron ɗan lokaci kowace rana a gida cikin lumana. Gaggawar lura tana da muhimmanci, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da aka yi ta ce masa daƙiƙi yakan gudu daga makaranta, wani har ya tsani littafin da aka so ya ƙaunata, alhakin wannan kuwa yana wuyan manya.

Allah Ya buɗe ƙirazan yara, Ya ba malamai da iyaye haƙuri da basira, amin.