Filasko: Shukarsa da Amfaninsa a Magani

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban Halitta, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, cikin tsirran da Allah ya shimfiɗa a jigawar Damagaram da Katsinar Maradi da Adar akwai filasko. Ɗan gajere ne, yana baje rassa kusa da ƙasa, furensa rawaya, kwasonsa faffaɗa mai lanƙwasa. Ɗan'uwa ne na kusa ga abin da Larabawa ke kira sana makki. Tirmizi da Ibnu Majah sun ruwaito cewa Asma'u bint Umais, Allah ya yarda da ita, tana wankin ciki da shubrum, sai Manzon Allah (SAW) ya nuna mata zafinsa. Da ta koma ga sana, ya yabe shi.

Shukarsa ba wuya. Ƙwayar tana da tauri, don haka ana kankare bayanta kaɗan ko a jiƙa ta ta kwana, a shuka da faɗuwar damina a ƙasa mai rairayi. Yana jure fari, amma ba ya son inda ruwa ke kwanciya. Ganye ake tsinka, a bar saiwa ta sake tohowa baɗi. Mai tumɓuke shi ya hana na baya. A shanya a inuwa har ya bushe.

Aikinsa sakin ciki ne ga wanda bayan gida ya ƙi fita. Ana jiƙa ɗan kaɗan a ruwan zafi, wasu su haɗa da tsamiya, a sha kafin kwanciya. A babban hanji yake aiki, shi ya sa ba a ganin tasirinsa sai bayan awa 6 zuwa 12. Wanda ya yi gaggawar ƙarawa ya jawo wa kansa murɗa da zawo mai ƙarar da ruwan jiki.

Kada a wuce mako guda ana sha, domin hanji kan saba har ya kasa aiki da kansa. Mai juna biyu da ƙaramin yaro da mai ciwon cikin da ba a san sababinsa ba su nisance shi, su nufi likita.

Jiki amana ne, da shi muridi ke tsayuwar dare da zaman wuridi. Neman magani sunna ce, wuce iyaka kuwa cuta. Allah ya ba ƴan'uwa lafiya mai amfani, amin.