Darasi na Bakwai: Fassarar Sunayen Hukumomin Siyasa

A darasin da ya gabata an nuna cewa mai fassara ba ya kai ga ma'ana sai ya fahimci abin da kalma take nuni gare shi a al'ummar da ta haife ta. Wannan darasi zai gwada ƙa'idar a kan kalma guda, wato Politburo, wadda ɗalibi zai riƙa cin karo da ita a labarun duniya.

Kalmar haɗaɗɗiya ce daga Rashanci, an taƙaita kalmomi biyu masu ma'anar "siyasa" da "ofis". Saboda haka ne Sashen Hausa na Rediyon Sin, wanda ya fara watsa shirye-shirye a 1963, yakan ce "ofishin siyasa". Fassarar ta bi lafazi sau da ƙafa, amma Bahaushen Argungu idan ya ji "ofishin siyasa", abin da zai zo masa a rai shi ne ɗakin da jam'iyya ta kama haya ta kafa tuta a bakin titi. Alhali kuwa abin nufi mutane ne ƙalilan waɗanda ragamar ƙasa baki ɗaya take hannunsu.

Ga yadda tsarin yake. A ƙasar da jam'iyyar kwaminis ke mulki, babban taron jam'iyya ne ke zaɓen kwamitin tsakiya, shi kuma ya fitar da wannan ƙaramin rukuni daga cikinsa. A rubuce iko daga ƙasa yake hawa, a aikace kuwa daga sama yake saukowa, domin na saman su ke tsara sunayen da za a zaɓa. A Rasha an tabbatar da rukunin a 1919 da cikakkun wakilai 5, cikinsu har da Lenin da Trotsky da Stalin. Daga 1952 zuwa 1966 an sauya masa suna, amma ƙarfinsa bai gushe ba. Abokan zaman Khrushchev a cikinsa ne suka tuɓe shi a 1964. A Sin kuwa, bayan babban taron 2022 an fitar da mutum 24, daga cikinsu 7 suka zama zaunannen kwamiti, Xi Jinping yana shugabanta.

Kada ɗalibi ya ɗauka abin na nesa ne. Jamhuriyar Benin, wadda Jihar Kebbi ta yi iyaka da ita ta wajen Bagudo, ta rungumi aƙidar Markisanci a 1974 ƙarƙashin Mathieu Kérékou, aka kafa jam'iyya ɗaya tilo a 1975 mai kwamitin tsakiya da irin wannan rukuni. Fataken Kabi masu zuwa kasuwannin Kandi da Malanbil sun yi ciniki a ƙarƙashin tsarin har aka yi watsi da aƙidar a ƙarshen 1989.

Wasu ɗalibai sukan so su ce "majalisar ƙoli", suna kwatanta ta da majalisar Sarkin Kabi. Kwatancen yana da daɗin ji, amma yana da rauni. 'Yan majalisar sarki, irin su Kunduɗa da Galadima, sarauta suke riƙe da ita bisa al'ada, kuma shawara suke bai wa sarki. Waɗancan kuwa matakan jam'iyya suka hau, kuma gwamnati da soja su ke karɓar umarni daga gare su. Ban da haka, "majalisa" a Hausar yau ta fi karkata ga masu yin doka, ga shi kuma waɗannan ƙasashe suna da tasu majalisar dokoki dabam. A ganinmu "kwamitin ƙoli na jam'iyya" ya fi kusa, muddin mai fassara zai tsare "kwamitin tsakiya" ga babban rukunin, kada ya riƙa musanya su kamar yadda ake ji a wasu labarai.

Aiki: Ka saurari labarun Hausa na kafofi biyu har mako guda, ka rubuta kowace fassara da suka yi wa wannan kalma. Sannan ka tsara yadda za ka bayyana ta ga 'yan aji uku na ƙaramar sakandare cikin jimloli huɗu, ba tare da aron kalmar Turanci ba.