Kashi Nawa, Kuma Cikin Su Wa?

Aikina shi ne tattara bayanan gida-gida da mayar da su alƙaluma. Ina roƙon ma'aikatan lafiya, malaman makaranta da masu unguwanni na Karaye da Rogo abu ɗaya: duk wanda ya ce muku "kashi kaza cikin ɗari", ku tambaye shi ɗarin su wa yake nufi.

Manyan bincike, irin wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi kan lafiyar iyali a 2018 da wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2021, a matakin jiha suke tsayawa. Halin da ƙauyukanmu ke ciki, daga bakin madatsar ruwa ta Challawa har iyakar Kaduna da Katsina, ƙananan binciken da muke yi da kanmu ne ke nuna shi. A nan ne kuma ake yawan yi wa jadawali gurguwar fahimta.

Ga misali na koyarwa. A ce mun zaga gidaje muna duba katin rigakafin yara, muka raba su gida huɗu. Na kusa da asibiti da suka kammala allura kashi 30 ne, waɗanda ba su kammala ba su ma kashi 30. Na nesa da suka kammala kashi 10, waɗanda ba su kammala ba kashi 30. Jimla ɗari cif.

A wurin taro sai ka ga wani ya ɗora yatsa a kan takarda ya ce, "To ai ga shi, waɗanda ba su kammala ba 30 a kusa, 30 a nesa, nisa ba shi ne matsala ba." Kuskuren ke nan, domin kowane adadi a jadawalin an auna shi ne da yaran gaba ɗaya. Yaran kusa kashi 60 ne, na nesa 40. Raba 30 da 60, ka samu rabi: kashi 50 na yaran kusa ba su kammala ba. Raba 30 da 40, ka samu kashi 75: cikin kowane yara huɗu na nesa, uku ba su kammala ba. Tazarar da ta ɓuya ta fito fili.

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Fara tantance rukunin da kake magana a kai, ɗauko jimlarsa, raba adadin da ita, sannan ka ninka da 100. Ka kuma lura da yadda aka jero tambayar. "Cikin yaran nesa, nawa ne ba su kammala ba?" amsarta 75. "Cikin waɗanda ba su kammala ba, nawa ne na nesa?" amsarta 50. Ta farko tana nuna inda haɗari ya fi tsanani, ta biyu tana nuna yadda za a raba allura da ma'aikata.

Wannan lissafi shi ke yanke ƙauyen da tawagar rigakafi za ta fara zuwa da babur. Idan aka karkace, yaron da ya fi buƙata shi ake bari a baya, kuma ƙyanda ba ta jiran a gyara rahoto. Don haka kada ku sa hannu a kan rahoton da bai faɗi rukunin da aka auna da yawan gidajen da aka tambaya ba. Ku mayar da shi a cike gurbin tukuna.