Ba Kowane Akwatin Intanet Ne Rauta Ba

Mutane da yawa suna kiran kowane akwatin intanet rauta. Ta haka ne wani yakan ɓad da kuɗinsa a kan abin da ba zai amfane shi ba. Bari mu rarrabe su.

Modem shi ne tafinta. Yana karɓar saƙo daga waya ko iska, ya juya shi yadda kwamfuta za ta gane.

Rauta kuwa kamar ma'aikacin gidan waya take. Takan dubi adireshin kowane saƙo, watau lambar IP, ta zaɓa masa hanya tsakanin gidanka da waje.

Suwic ba ruwansa da waje. Kwamfutocin gida ɗaya yake haɗawa, ya miƙa wa kowace nata saƙo, ita kaɗai. Dā ana aiki da hob, shi kuwa sankira ne: abin da aka aiko wa ɗaya sai ya shelanta wa duka, hanya ta cushe. Shi ya sa aka yashe shi.

To, in makarantarku tana da kwamfutoci 20, ramukan rautarku kuwa 4 ne kaɗai, kada ku sayi wata rauta. Suwic za ku nema, ku jona shi a rami ɗaya.