WA KE KOYAR DA ƊANKA BAYAN KA YI BARCI?

Iyaye da 'yan'uwa cikin Ubangiji, makaranta tana riƙe muku yaranku kusan wata tara a shekara. A cikin waɗannan watanni ƙararrawa ce ke faɗa wa yaro lokacin karatu da lokacin barci, kuma a yawancin makarantun kwana ba a barin ɗalibi ya riƙe waya. Sauran wata uku na hutu suna hannunku. A kan waɗannan wata uku nake so mu yi nazari.

Mu da muka tashi a shekarun 1980 da 1990 mun san talabijin ɗaya ce a falo, wani lokaci ma a gidan maƙwabci. NTA takan buɗe da misalin ƙarfe huɗu na yamma, ta rufe da dare. Ko da kaset ɗin bidiyo ya zo, a gaban kowa ake sa shi. Uba yana shigowa ya ga abin da ake kallo, in bai yi masa ba ya kashe, magana ta ƙare. Da wayar GSM ta shigo Nijeriya a 2001, daga baya wayoyi masu intanet suka biyo, sai abin kallo ya bar falo ya koma aljihu, daga aljihu ya shiga ƙarƙashin bargo. Hukumar tace finafinai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1993, tana iya sa wa fim alamar shekaru, amma ba ta iya shiga ɗakin ɗanka da ƙarfe ɗaya na dare.

Bari mu tuna da Eli, firist na Shilo, a cikin 1 Sama'ila sura 2 zuwa 4. Eli ba mugun mutum ba ne. Shi ne ya goyi Sama'ila. Amma 'ya'yansa Hofni da Finehas sun lalace a cikin gidan Ubangiji, a gab da shi. Ku lura da abu biyu. Na fari, a bakin mutane ya riƙa jin abin da 'ya'yansa ke yi. Na biyu, ya yi musu faɗa, amma a lokacin ya riga ya tsufa ƙwarai, su kuma sun riga sun ƙeƙashe. Laifin da Ubangiji ya kama shi da shi shi ne, ya sani amma bai hana su ba. 'Ya'yan biyu suka mutu rana ɗaya a yaƙi da Filistiyawa, shi kuma ya faɗo daga kujera ya mutu yana da shekara 98. Sau da yawa iyayen da suka fi kowa hidima a ikkilisiya su ne na ƙarshe da ke sanin halin da gidansu ke ciki.

Ya kamata mu gane yadda waɗannan abubuwa ke aiki. TikTok da YouTube da Facebook suna auna irin bidiyon da yaro ya tsaya a kai da tsawon lokacin da ya yi yana kallo, sai su ƙaro masa irinsa. Ba ruwansu da ko abin zai amfane shi. Muddin ya ci gaba da kallo, kuɗin talla na shigowa. Dokar TikTok da Facebook da Instagram ta ce sai mai shekara 13, amma yaro yakan rubuta shekarar haihuwa ta ƙarya ya wuce. Cacar ƙwallo ma yanzu a waya take, kuma kuɗin makaranta ko na mota yana iya tafiya cikinta. Akwai kuma masu yaudarar yara su turo hotunan tsiraicinsu, sannan su ce a biya su ko su watsa. A Yulin 2024 kamfanin Meta ya ce ya rufe asusun Instagram kusan 63,000 a Nijeriya saboda irin wannan aiki. Wato masu yin abin suna cikin ƙasarmu, kuma su ma 'ya'yan wasu ne.

Wani zai ce, “Malam, ni ban iya wayar nan ba, yaron ne ma ke koya mini.” To, rashin iyawarka ma hanya ce. Ka kira shi ya zauna kusa da kai, ka ce ya nuna maka abin da ya fi ba shi dariya a wannan mako, da mutanen da yake bi. A cikin minti goma za ka gane inda zuciyarsa ta karkata. Da dare kuma, wayoyin yara su kwana a ɗakin iyaye. Wannan doka ba ta bukatar ilimin boko. Wanda ya ɗan iya yana iya sa Google Family Link a wayar yaro don ƙayyade lokaci, ko da yake yaro mai wayo yakan ari ta abokinsa. Game da ƙanana kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba a gaban allo, mai shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce sa'a ɗaya a rana. Uwar da ke miƙa wa mai goyo waya don ya yi shiru ta duba wannan.

Sai dai uban da ke duba WhatsApp a lokacin addu'ar safe, da wane baki zai hana ɗansa?

Ku kuma ɗalibai, in wani da ba ku sani ba ya nemi hotonku, ko ya fara yi muku barazana, kada ku biya shi, kada ku share saƙon. Ku nuna wa baba ko mama ko wani malami da kuka amince da shi. Iyaye, ranar da yaro ya kawo muku irin wannan magana, ku ajiye bulala tukuna, ku ji shi har ƙarshe. In kuka fara da duka, gobe ba ku zai kawo wa ba, sai dai ku ji a bakin mutane.