Darasin Mako: Yini Guda a Tsibirin Zanzibar

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, to a wannan makon za mu bi sawun mai yawon buɗe ido na yini guda a tsibirin Zanzibar, daga kasuwa zuwa wurin abinci zuwa bakin teku. Manufarmu ita ce mu nuna cewa tarihi da labarin ƙasa da kimiyyar da muke haddacewa don jarrabawa su ne ke tafiyar da irin wannan yini, kuma wanda bai san su ba yana iya yin asarar kuɗinsa, ko ma ransa.

Zanzibar na cikin Tekun Indiya, a gabashin Afirka. Manyan tsibiransa biyu ne, Unguja da Pemba. A ranar 26 ga Afrilu, 1964 ya haɗe da Tanganyika aka sami ƙasar Tanzaniya. Daga birnin Darussalam, jirgin ruwa mai gudu yakan kai mutum cikin kamar awa 2.

Da safe: kasuwa

Baƙo yakan fara da tsohon gari, wanda masu wurin ke kira Mji Mkongwe. An gina gidajensa da dutsen murjani, lungunansa matsattsu ne kamar na cikin birnin Kano ko Zariya, kuma a shekarar 2000 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. A gefensa kasuwar Darajani take, wadda aka buɗe a 1904. Can ake sayar da kifi da kwakwa da kirfa da masoro da kanumfari, da kuma zanen mata mai suna kanga, wanda ake sayarwa bibbiyu, kowanne da karin magana rubuce a bakinsa.

A nan Bahaushe zai ji kamar yana gida. Ana taya kaya, ana ragi, har a sallama. Ƙidayar ma ba baƙuwa ba ce: ishirini ashirin ke nan, thelathini talatin, arobaini arba'in, hamsini hamsin. Sabuni sabulu ne, habari labari, karafuu kuwa kanumfari. Dalili shi ne Hausa da Suwahili duk sun ari waɗannan kalmomi daga Larabci. Mu sun iso mana ta hanyar ayarin raƙuma da malamai, su kuwa ta jiragen ruwa.

Sai dai akwai tarko a wurin lokaci. Masu jin Suwahili suna fara ƙirga awa daga fitowar rana, domin suna kusa da layin da ya raba duniya biyu, inda lokacin fitowar rana ba ya sauyawa sosai. Idan mai kwalekwale ya ce saa mbili, wato ƙarfe biyu, ƙarfe 8 na safe yake nufi. Wanda bai ƙara awa 6 ba, sai ya tarar an tafi an bar shi.

Kanumfarin da ke ƙamshi a kasuwar nan yana da tarihi mai ɗaci. Asalinsa daga tsibiran Maluku ne na Indonesiya. Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, wanda ya mayar da fadarsa daga Maskat zuwa Zanzibar wajen 1840, shi ya bunƙasa nomansa, kuma bayi ne suka yi aikin gonakin. Sai a 1873 aka rufe kasuwar bayi ta garin, daga baya aka gina majami'a a filin. Ya kamata mai sayen tsaraba ya san wannan.

Da rana: abinci

Kwanon abincin Zanzibar taswira ce. Shinkafar pilau da biryani sun nuna hannun Indiya da Farisa da Larabawa. Rogo daga Kudancin Amurka ya fito, Turawan Fotugal ne suka kawo shi Afirka. Akwai urojo, romo mai tsami da ake zuba wa dankali da wani irin ƙosai mai suna bajia. Akwai mishkaki, ɗan uwan tsirenmu, da ruwan rake da ake matsewa da citta da lemun tsami.

Me ya tara waɗannan abubuwa wuri guda? Iska ce. Daga wajen Disamba zuwa Maris iskar kaskazi na busowa daga arewa maso gabas, tana turo jiragen filafilai daga ƙasar Larabawa da Indiya. Daga wajen Afrilu zuwa Satumba sai iskar kusi ta juyo ta mayar da su gida. Fatake kan yi watanni suna jiran juyawar iska, a nan suka yi aure, suka bar girkinsu da kalmominsu.

Shawararmu ga mai ci ita ce ya tambayi farashi kafin a zuba masa, ya kuma zaɓi abin da aka gasa a gabansa, musamman kifi. Galibin mutanen tsibirin Musulmi ne, don haka shigar bakin ruwa ba ta shiga gari. In ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi igiya ka ɗaura.

Da la'asar: bakin teku

A ƙauyukan gabas, irin su Paje da Jambiani, baƙo na iya zuwa wanka ya tarar teku ta ja da baya nesa, sai farin rairayi. Ba ƙafewa ta yi ba. Ƙarfin jan wata, da taimakon na rana, shi ke sa ruwa ya ciko ya janye sau biyu a yini. Tsakanin cikowa da cikowa kamar awa 12 da minti 25 ne, shi ya sa kullum lokacin yake jinkirtawa da kusan minti 50. A tsayuwar wata da daren sha huɗu abin ya fi ƙarfi. Wanda ya yi nisa cikin rairayi bai kula da lokaci ba, ruwa na iya tare masa hanyar dawowa. Tambayar masunta kafin a shiga ba ƙauyanci ba ne.

Janyewar da ke ɓata wa baƙo rai ita ce lokacin aikin matan ƙauyen. Tun wajen 1989 suke noman ciyawar teku, suna ɗaura ta a igiyoyi tsakanin turaku, su shanya, a fitar da ita waje a sarrafa ta cikin abinci da man goge baki. Ɗumamar ruwan teku tana kashe musu irin da ya fi tsada. Mai yawo ya kiyayi taka igiyoyinsu, kada kuma ya ɗauki hotonsu sai da izini. Da magariba sai a koma lambun Forodhani a tsohon gari, inda masu gashi ke kunna fitilu a bakin ruwa.

Aikin gida

1. Idan an ce a haɗu saa nne da safe, ƙarfe nawa ke nan a agogonmu? (Nne na nufin huɗu.)
2. Idan ruwa ya ciko ƙarfe 3 na rana yau, yaushe zai ciko jibi da rana?
3. Kawo kalmomin ciniki 5 na Hausa da ka san asalinsu Larabci ne.

A jefa amsa a akwatin ƙungiya kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka dace a fitowa ta gaba.