Hatsarin Babur a Hanyar Kamfani: Kada Ka Ce "Na Yafe" Kafin Ka San Haƙƙinka

Duk wanda ya saba bin titin Panshekara zuwa Challawa, ko ya ratsa Sharada da sassafe, ko ya bi titin Haɗeja ta gefen Bompai lokacin tashi daga aiki, ya san yadda babura ke kurɗawa tsakanin tireloli da tankoki da 'yan adaidaita sahu. Tun watan Janairu na 2013 gwamnatin Kano ta hana acaɓa a cikin birni, amma babur bai bar titi ba. Har gobe shi ne abin hawan ma'aikacin majema da na kamfanin roba da na buhu, daga Ja'en, Ɗorayi, Sheka, Dakata ko Tudun Murtala.

In tsautsayi ya faɗa, kusan abu ɗaya ne ke faruwa. Jama'a su taru, a ce "Allah ya kiyaye gaba", direba ya ba da haƙuri ya miƙa abin da ya sawwaƙa, dattawa su ce ƙaddara ce. Mai rauni, cikin zafin ciwo da kunya, ya ce ya yafe. Sai bayan wata uku ta bayyana cewa ƙafar ba za ta koma daidai ba, albashi ya tsaya, babur ya zama kwarangwal, bashi ya taru. A lokacin ne ake neman lauya, alhali galibin abin da lauya zai yi aiki da shi ya riga ya salwanta tun a makon farko.

Ƙofofi uku ne na neman diyya

Ta farko ita ce asusun biyan diyyar ma'aikata, wanda dokar 2010 ta kafa, hukumar NSITF kuma take gudanarwa. Kowane mai kamfani wajibi ne ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa duk wata, kuma haramun ne ya cire kuɗin daga albashinsu. Abin da yawancin ma'aikata ba su sani ba shi ne, dokar ba ta tsaya ga wanda inji ya cinye wa hannu a cikin masana'anta ba. Ta haɗa da hatsarin da ya same ka tsakanin wurin aiki da gidanka, ko inda ka saba cin abinci, ko inda ka saba karɓar albashi, matuƙar kamfani yana da masaniyar wurin tun kafin nan. Saboda haka in ka tashi daga Gama ka koma Kawaji, ka je ofishin ma'aikata a gyara adireshinka a rubuce.

A wannan ƙofa ba a buƙatar ka nuna laifin wani. Haka kuma ma'aikacin wucin gadi, da mai koyon sana'a, da wanda aka ɗauka da fatar baki, duk doka ta lissafa su a cikin ma'aikata. Asusun yana ɗaukar nauyin jinya, yana biyan wani kaso na albashi lokacin kwanciya, wanda ya nakasa gaba ɗaya kuma ana ba shi kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. In rai ya yi halinsa, iyali ne ke karɓa. Duk wata yarjejeniya da aka sa ma'aikaci ya yi da kamfani cewa ya haƙura da wannan haƙƙi, doka ba ta san da ita ba.

Ƙofa ta biyu ita ce inshorar dole, wadda ke biyan wanda abin hawa ya yi wa ɓarna. Daga 1 ga Janairu 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta sa kuɗinta naira 3,000 ga babur, 15,000 ga motar gida, 100,000 ga manyan motocin dakon kaya. Iyakar abin da ake biya na ɓarnar dukiya miliyan 3 ne ga motar gida, miliyan 5 ga babbar mota. Rauni da rasa rai kuwa lissafinsu daban ne. A lura da kyau: inshorar motar da ta buge ka ce za ta biya ka, ba ta babur ɗinka ba. Matsalar ita ce takardun bogi sun yi yawa, don haka a duba lambar motar a rumbun bayanan NIID na ƙungiyar kamfanonin inshora, a tabbatar takardar ta gaske ce.

Ta uku ita ce kotu. Ana iya ƙarar direban da ya yi ganganci, tare da mai motar ko kamfanin da ya ɗauke shi aiki, domin a shari'ance ubangida yana ɗaukar alhakin ɓarnar da yaronsa ya yi a bakin aiki. Tirelar da ta fito daga Challawa da kaya tana da mai ita, kuma aljihunsa ya fi na direba zurfi. Sai dai in hatsarin na hanyar aiki ne kuma wani na waje ne ya jawo shi, doka zaɓi ta ba ka: ko ka karɓa daga NSITF ita ta bi mai laifin, ko ka yi ƙara da kanka. Ba a cin biyun a kan rauni ɗaya. A nan ne shawarar lauya ta fi amfani, tun kafin ka ɗaga ƙafa.

Abin yi a makonni biyun farko

Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Mai rauni ba zai iya komai ba a ranar, don haka wannan aiki ne na ɗan'uwa ko abokin aiki.

A fara da ceton rai. Lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra 122 ce. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili. A nufi Asibitin Murtala, ko na Malam Aminu Kano, ko Asibitin Ƙashi na Dala.

Kafin a kawar da motoci, a ɗauki hoto da waya: lambar mota, sunan kamfanin da ke jikinta, inda babur ya faɗi, sawun birki. A karɓi lambar wayar mutum biyu ko uku da suka gani da idonsu. Mai shayi da mai faci da ke bakin titin sun fi ɗan wucewa sauƙin samu daga baya. A kai rahoto caji ofis mafi kusa, sashen haɗurran mota su zo su zana wurin. Ba a cika samun kamfanin inshora ya saurari mutum babu rahoton 'yan sanda ba.

A sanar da kamfani a rubuce cikin kwana 14, a riƙe kwafi mai hatimi. Faɗa wa sufabaiza a waya ba ya wadatarwa in gardama ta taso. Kamfani shi ma doka ta ɗora masa kai rahoto ga NSITF cikin kwana 7. Neman diyyar kansa ana shigar da shi cikin shekara 1, kuma sai da ƙwaƙƙwaran uzuri ake karɓa bayan haka. In kamfani ya yi burus, ko ta bayyana bai taɓa zuba kuɗin ba, a je ofishin NSITF na Kano kai tsaye, a kuma sanar da ƙungiyar ƙwadago in akwai.

A adana kowace takarda: katin asibiti, hoton ƙashi, rasit na magani, na gyaran babur, da takardar albashi. Alƙali ba ya sa a biya kuɗin da aka kashe sai an nuna shaidarsa ɗaya bayan ɗaya. Nan ne zuwa wurin mai ɗori yake jawo asara biyu. Ban da haɗarin ruɓewar gaɓa in an ɗaure karaya mai buɗaɗɗen rauni, mai ɗori ba ya ba da rahoton likita, kuma rahoton likita ne ake auna girman nakasa da shi.

Sulhu da yafiya

Babu mai musun cewa sulhu alheri ne, kuma yafiya tana da lada. Amma neman haƙƙi bai saɓa wa imani da ƙaddara ba. Shari'ar Musulunci ta wajabta diyya a kisan kuskure, ta kuma ƙayyade ta gaɓoɓi: hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya rabin diyyar rai ne. A mazhabar Malikiyya da muke bi, ba a yanke diyyar rauni sai ya warke an ga inda ya tsaya. Wannan hukunci shi ne shawarar da duk lauyan kirki zai ba ka: kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar janye magana kana kwance a gadon asibiti. In an kawo kuɗin magani, ka karɓa, a rubuta cewa somin-taɓi ne.

Ka tuna kuma, sau da yawa tausayin direba ne ke sa a yafe, alhali kuɗin ba daga aljihunsa za su fito ba. Kana iya yafe masa tsakaninka da Allah, ka kuma karɓi abin da inshora ko asusun ma'aikata ya tanada. In za a yi sulhu, a yi shi a rubuce gaban shaidu, a lissafa jinya ta gaba da albashin da aka rasa. Babbar Kotun Kano tana da zauren sasanci da aka tanada domin irin wannan.

Mai ƙaramin ƙarfi fa?

Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa tana da ofishi a Kano, kuma dokarta ta 2011 ta ambaci ƙararrakin haɗurra da na diyyar ma'aikata a cikin ayyukanta. An tanade ta ne musamman ga wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wato naira 70,000 tun 2024. Wasu lauyoyi kuma suna yarda a biya su da kaso daga abin da aka samu. In haka ne, a rubuta kason tun farko. Wanda bai gamsu da hukuncin NSITF ba yana iya neman ta sake dubawa, daga nan ya wuce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke zama a Kano. In motar gwamnati ce ta yi ɓarnar, a gaggauta, domin dokar kare jami'an gwamnati wata 3 kacal ta bayar a shigar da ƙara. In kuwa direba ya gudu ko motar ba ta da inshora, doka ta tanadi asusu a ƙarƙashin NAICOM domin irin waɗannan, kuma nan ma rahoton 'yan sanda da na likita za a fara tambaya.

Kai ma ka duba naka. In ba ka sa hular kwano ba, ko ka bi hannun da ba naka ba, ko ka yi goyon biyu, lauyan ɗaya ɓangaren zai kafa hujja da shi, kotu kuma tana iya rage diyyar gwargwadon naka sakacin. Lasin, lambar babur, inshora da hular kwano, duka kuɗinsu bai kai na aikin ƙashi ɗaya ba. Ka mallake su, ka tabbatar kamfaninku yana zuba kuɗin NSITF, sannan ka sanar da wani a gida inda takardunka suke tun kana da lafiya.